Daga Kasuwar Farin Gada Zuwa Dandamali: Tarihin Wasan Kwaikwayo a Jos da Matsayinsa ga Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako ya isa kasuwar Farin Gada da ke arewacin garin Jos, zai tarar da kwandunan tumatir da buhunan kabeji da karas da dankalin Turawa jibge a bakin hanya, 'yan dako suna ta kai da kawowa tsakanin rumfuna da manyan motoci. Cikin manoman da suka kawo kayan akwai Birom da Anaguta da Jarawa da Irigwe, da kuma Hausawa masu noman lambu a bakin rafin Dilimi. Masu saye kuwa har da Ibo da Yarbawa waɗanda za su yi lodi su nufi Kudu. Idan mutum ya kasa kunne, zai ji cewa mafi yawan cinikin nan da Hausa ake ƙulla shi. Da ita ake tayi, da ita ake albarka, da ita ake cacar baki, da ita kuma ake sasantawa. Daga wannan kasuwa zuwa Jami'ar Jos tafiya ce kaɗan, kuma da yawa daga cikin ɗaliban da ke nazarin wasan kwaikwayo a can ta nan suke bi.

Mun fara da kasuwa ne, ko da yake ba ita ce abin nazarinmu ba, domin ita ta jefa mana tambayar da ta haifi wannan maƙala. Jos gari ne da ya yi suna a harkar wasan kwaikwayo: yana da sashen koyar da shi a jami'a, ya fitar da fitattun wasannin talabijin, a nan hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa take, sannan yana da ƙungiyar wasan dandamali mai zaman kanta, wato Jos Repertory Theatre, wadda aka kafa a 1997. Sai dai wasan da ake hawa dandamali a yi, a haska fitilu, 'yan kallo su zauna a kujeru, galibinsa da Ingilishi ake yin sa. Mu kuma masu tsara manhajar Hausa muna da rubutattun wasanni da muke ɗora wa ɗalibai su karanta, amma ba kasafai ake ganin su a dandamali ba. Za mu bi tarihin yadda aka yi wannan rabuwa, sannan mu dubi abin da mai koyar da Hausa zai iya ɗauka daga ciki.

2.0 Garin Kuza da Baƙinsa

Kuza ce ta tara mutane a Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dukufa wajen haƙar ta a kan tsaunukan Filato, kuma aikin yana buƙatar leburori fiye da yadda ƙauyukan yankin za su iya bayarwa. Sai jama'a suka yi ta kwararowa daga Kano da Bauci da Zariya da Barno, daga baya kuma daga Kudu. Ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso yankin a 1914, babbar kuma ta iso a 1927. A barikokin ma'aikata, inda mutum goma za su iya kasancewa da harsuna biyar, Hausa ce ta zama harshen aiki da na ciniki. Mishan ma da ita suka yi wa'azi da karantarwa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wannan ne ya sa har yau manyan majami'u irin su COCIN da ECWA, waɗanda hedkwatarsu ke Jos, suke gudanar da sujada da Hausa a wurare da dama. Ke nan Hausar Jos ba ta addini ɗaya ba ce, ba kuma ta ƙabila ɗaya ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Kafin a san wani abu wai shi gidan wasa, akwai kwaikwayo a garin. Al'ummun Filato suna da bukukuwan shuka da na girbi da na farauta, da fitowar dodanni, waɗanda ke ɗauke da rawa da waƙa da shiga ta musamman. Hausawa kuma sun zo da nasu: tashe a watan azumi, 'yan kama masu kwaikwayon malamai da waƙoƙin tuwo, 'yan gambara, da 'yan bori. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar gini ko labule. Fili ake samu, jama'a su yi da'ira, a yi wasa a tsakiya.

Wasan da ake yawo da shi gari-gari a karɓi kuɗin shiga, Yarbawa ne suka kawo shi. Hubert Ogunde ya zo Jos da ƙungiyarsa a tsakiyar shekarun 1940 da wasansa Strike and Hunger, wanda ya gina a kan yajin aikin gama-gari na 1945, kuma a nan ya gamu da fushin hukumar mulkin mallaka. Ba abin mamaki ba ne. Nuna wa leburori wasa a kan yajin aiki da yunwa, a garin da arzikin Turawa ya dogara da gumin leburori, tamkar kai wuta ne kusa da rumbu. Wani abin lura kuma shi ne, a yankin Jos ɗin ne Ogunde ya yi ɗaya daga cikin ayyukansa na ƙarshe, lokacin da ya fito a fim ɗin Mister Johnson, kafin rasuwarsa a Landan a 1990.

3.0 Jami'a, Talabijin da Fim

An buɗe reshen Jami'ar Ibadan a Jos a 1971, ya kuma zama jami'a mai cin gashin kanta a 1975. Wannan dangantaka da Ibadan tana da muhimmanci, domin a Ibadan ne aka fara koyar da wasan kwaikwayo a matakin jami'a a Nijeriya, kuma tsarin can ne aka dasa a Jos: karatu da Ingilishi, rubutu da Ingilishi, wasa da Ingilishi. Sonny Oti, wanda marubucin wasa ne kuma mawaƙi, yana cikin waɗanda suka aza harsashin sashen. Bayansa an yi malamai marubuta irin su Iyorwuese Hagher, da Irene Salami-Agunloye, da Tor Iorapuu, da Victor Dugga. Hagher ya yi fice wajen nazarin Kwagh-hir, wasan 'yar tsana da dodanni na Tibi, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2019. Salami-Agunloye kuwa ta fi karkata ga matan tarihi, kamar yadda ake gani a wasanta Emotan. Sashen yana da buɗaɗɗen dandalin wasa inda ɗalibai ke gwada abin da suka koya a gaban jama'a, kuma daga nan aka sami da yawa daga cikin 'yan wasan da garin ya yi alfahari da su.

Akwai wani ɗan misali da ke nuna matsayin Hausa a wannan fage. Hagher yana da wasa mai suna Mulkin Mata. Sunan Hausa ne tsantsa, kuma an zaɓe shi ne don kowa a yankin zai gane shi ba tare da fassara ba. Amma da zarar an buɗe littafin, sai a tarar da Ingilishi. Hausa ta tsaya a bango, ba ta shiga ciki ba.

A Zariya abin ya ɗan sha bamban. Tun daga tsakiyar shekarun 1970, malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Michael Etherton da Brian Crow, daga baya kuma Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai zuwa Samaru da Soba da Maska da Bomo, suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin taki da filaye da rashawa. Irin wannan wasa na wayar da kai dole ne a yi shi da harshen da mutanen ƙauye ke ji, don haka da Hausa aka yi shi. Sai dai ba a rubuta shi kalma-kalma, kuma ba a maimaita shi. An gama, an tashi, ya wuce. Shi ya sa bai bar wa makarantunmu littafin da za a karanta ba.

Talabijin ce ta kai sunan Jos ko'ina a ƙasar nan. Gidan talabijin na tsohuwar Jihar Binuwai-Filato, wanda ya fara aiki a 1974, shi ne na farko da ya watsa hoto mai launi a Nijeriya, kuma ya shiga ƙarƙashin NTA bayan kafa ta a 1977. A 1980 aka fara nuna Cock Crow at Dawn, wanda Peter Igho ya shirya a yankin Jos da tallafin bankin UBA, don jan hankalin jama'a ga noma. Labarin wani magidanci ne, Bello, da ya baro birni ya koma gona da iyalinsa. George Menta ne ya fito a Bello, Sadiq Daba ya fito a Bitrus, Ƙasimu Yero ya fito a Gaga, Bongos Ikwue kuma ya yi waƙar buɗe shirin. A ƙarshen shekarun 1980 sai ga Behind the Clouds, shi ma daga Jos. Duka biyun da Ingilishi aka yi su, don an nufi ƙasa baki ɗaya.

Amma a talabijin ɗin nan ne Hausa ta sami nata gurbin. Abdullahi Shu'aibu, wanda duniya ta fi sani da Karkuzu na Bodara, a Jos ya yi tashensa a shekarun 1980, daidai lokacin da Usman Baba Pategi ke yin Samanja a Kaduna, Ƙasimu Yero kuma yana yin Karambana. A Jos ɗin Karkuzu ya rasu a 2025. Waɗannan mutane ba littafi suke haddacewa ba. Ana ba su ƙashin labari ne, su sa masa nama da bakinsu, kamar dai yadda ɗan kama ke yi a kasuwa. A ganinmu, su ne magadan wasannin gargajiya na haƙiƙa, kuma abin takaici ne a ce manhajarmu tana ambaton su a layi ɗaya ta wuce.

Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta yi wani aiki da ya shafe mu kai tsaye: a 1992 ta mayar da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina fim, Brendan Shehu ya ba da umarni. Wato an ɗauko wasan Hausa rubutacce, wanda ɗalibai ke karantawa a aji, an ba shi rai a Jos. Amma a majigi aka ba shi, ba a dandamali ba. A daidai lokacin kuma kasuwar fim ɗin bidiyo ta Hausa ta kunno kai, bayan fitowar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. Jos ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin wannan sana'a saboda kayan aiki da ƙwararru da kyawun wuraren ɗaukar hoto. Sani Mu'azu ɗan garin ne, Ali Nuhu kuma a Jami'ar Jos ya yi karatu, kuma a 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finan. Duk saurayi ko budurwar da ke da baiwar kwaikwayo da Hausa, kyamara ta riga dandamali kiran su, kuma ita ce mai biya.

4.0 Ƙungiyar Jos Repertory Theatre

A cikin wannan hali ne Patrick-Jude Oteh, wanda ya yi karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ibadan, ya kafa Jos Repertory Theatre a 1997, ta kuma fara cikakken aiki a 2000. Ƙungiya ce mai zaman kanta, ba ta gwamnati ba, ba ta jami'a ba, kuma ba don riba aka kafa ta ba.

Kalmar da ke tsakiyar sunanta tana buƙatar bayani, domin a cikinta darasin yake. A Ingila, a farkon ƙarni na 20, wasu mutane sun gaji da jiran ƙungiyoyin Landan su zo musu yawon wasa, sai suka kafa nasu gidajen wasa a garuruwansu: Manchesta a 1908, Libaful a 1911, Bamingam a 1913. Tsarin shi ne a tara 'yan wasa na dindindin, a tanadi rumbun wasanni, tsofaffi da sababbi, na gida da na waje, a riƙa fito da su bi da bi ga jama'ar gari ɗaya. Amfanin hakan biyu ne. Ɗan wasa yana gogewa, don yau sarki ne, wata mai zuwa bara ne. 'Yan kallo su ma suna gogewa, don sun saba zuwa, sun san mai kyau da maras kyau, har su fara kwatanta wasan bana da na bara. Wannan tsari Oteh ya ɗauko ya dasa a Jos, a lokacin da ƙungiyoyin yawo na Yarbawa sun riga sun watse sun koma bidiyo, ana kuma ta cewa dandamali ya mutu a Nijeriya.

Aikin ƙungiyar ya kasu gida uku: wasannin dandamali na rubutattun littattafai, wasannin wayar da kai a cikin al'umma, da horar da matasa dabarun wasa da ba da umarni da gudanarwa. A 2004 ta fara Bikin Wasan Kwaikwayo na Jos, da tallafin Gidauniyar Ford. A bikin akan ɗauki kwanaki ana nuna wasa daban kowace yamma, da rana kuma a yi bita da koyarwa. An gudanar da bukukuwa da dama a harabar cibiyar Alliance Française ta Jos, kuma ofishin jakadancin Amurka yana cikin waɗanda suka tallafa a shekarun baya. Ƙungiyar takan kuma kai wasanninta Abuja.

Ba za a fahimci nauyin wannan aiki ba sai an tuna da abin da garin ya shiga. Shekara ɗaya da fara cikakken aikin ƙungiyar, a ranar 7 ga Satumba 2001, rikici ya ɓarke a Jos, aka yi asarar rayuka masu yawa. A Fabrairu 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. An sake yin rikici a Nuwamba 2008 da Janairu 2010, bama-bamai suka tashi a jajibirin Kirsimeti na 2010, wasu kuma suka tashi a Taminus a Mayu 2014. Unguwanni suka rabu bisa addini, mutum ya riƙa lissafin hanyar da zai bi kafin ya fita gida. Yankin Farin Gada kansa, da yake mahaɗa ce tsakanin unguwanni da jami'a, ya sha ganin tashin hankali da shingayen jami'an tsaro. Wasan dandamali kuwa abu ne na yamma, yana buƙatar mutanen da ba su san juna ba su zauna kafaɗa da kafaɗa cikin duhu na sa'a biyu, su kuma koma gida lafiya. Dokar hana fita ta kwana ɗaya ta isa ta rushe shirin wata uku. Bikin bai samu gudana kowace shekara ba. Wanda aka yi a 2013 shi ne na bakwai, alhali an fara tun 2004. Amma an riƙa komowa, kuma komowar ce tarihin.

Bari mu dubi wasu daga cikin wasannin da aka nuna a bikin na 2013, domin zaɓin yana magana. Akwai Queen Amina of Zazzau na Wale Ogunyemi, da Jitney na August Wilson, da Cat on a Hot Tin Roof na Tennessee Williams, da Audience na Vaclav Havel. Havel ya rubuta nasa a 1975, lokacin da gwamnatin gurguzu ta ƙasarsa ta hana nuna wasanninsa. Mutum biyu ne kacal a ciki: marubucin da aka tilasta wa aikin ƙarfi a masana'antar giya, da shugabansa wanda aka sa ya riƙa kai rahoto a kansa, har ya roƙe shi ya taimaka ya riƙa rubuta rahoton da kansa. Marubucin wasan ya zama shugaban ƙasa a 1989. Ba sai an yi wa mutumin Jos, wanda ya san yadda zargi ke shiga tsakanin maƙwabta, dogon sharhi a kan wannan wasa ba. Tebur ɗaya da kujera biyu sun ishe shi.

Jitney ya fi ba mu sha'awa. Labarin direbobin kabu-kabu ne baƙaƙen fata a birnin Pittsburgh na Amurka a 1977, masu kai mutane unguwannin da tasi mai rajista ba ta shiga. Hukuma na shirin rushe tasharsu, shugaban tashar kuma yana fama da ɗansa da ya fito daga kurkuku bayan shekara ashirin. Akwai tsoho mai gulma, akwai mashayi, akwai saurayin da ke tara kuɗi a ɓoye don ya saya wa iyalinsa gida. Duk wanda ya taɓa zama a benci a tashar mota ta Farin Gada ya san waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, har zai iya kiran sunayen takwarorinsu. Amma direbobin da labarin ya fi kama da su ba su ne ke kujerun kallo ba, kuma ko sun zo, Ingilishin baƙaƙen Amurka da Wilson ya yi rubutu da shi ba zai shige su ba.

Sai kuma Amina. Sarauniyar Zazzau ce, tarihinta na Hausawa ne, ganuwar da ake jingina mata tana ƙasar Hausa. Wanda ya rubuta wasan Bayarabe ne, da Ingilishi ya rubuta, kuma ƙungiyar Jos ce ta ɗora shi a dandamali. Ba laifinsu muke gani ba, yabo ma suka cancanta. Tambayar tamu ce: ina namu?

Dalilan da suka sa dandamalin Jos ya zauna a kan Ingilishi ba ɓoyayyu ba ne. Horon 'yan wasan da Ingilishi aka yi shi. Littattafan da ke hannu na Ingilishi ne. Masu ba da tallafi, gidauniyoyi da ofisoshin jakadanci, suna son a nuna marubutan ƙasashensu, kuma wanda ya biya kuɗin kiɗa yana da ta cewa a kan taken da za a kaɗa. Masu iya wasa da Hausa sun tafi bidiyo. A cikin al'ummar Hausawa Musulmi kuma, akwai masu ƙyamar cuɗanyar maza da mata a bainar jama'a, abin da ke sa iyaye su hana 'ya'yansu mata hawa dandamali. Akwai kuma dalili na ƙarshe wanda ya fi sauran ɗaci. Bayan 2001, takaddamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ta shafa wa sunan Hausa launin siyasa, ta yadda Ingilishi ya zama kamar tudun mun tsira, harshen da ba na kowa ba. Mun fahimci wannan, amma ba mu yarda cewa shi ne ƙarshen magana ba. Mutanen da ake tsoron Hausa za ta raba su, da ita suka yi ciniki da safe a Farin Gada, da ita wasunsu suka yi waƙa a majami'a ranar Lahadi.

5.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa a makaranta aka haife shi, kuma don a yi shi aka rubuta shi. Six Hausa Plays na R. M. East, wanda ya fito a 1930, an shirya shi ne don 'yan makaranta su kwaikwaya. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi, ya kuma sa an yi su. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, na 1949, wasan ɗalibai ne. Na Shu'aibu Maƙarfi, wato Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, an ji su a rediyo kafin a gan su a takarda. Daga baya ne, da jarrabawa ta zama uwa da makarɓiya, wasan ya koma abin da ake karantawa a zaune, a fitar da jigo da zubi da tsari da salo, a haddace sunayen taurari, a shiga ɗakin jarrabawa.

Mun taɓa zama a bayan wani aji a wata makarantar sakandare, inda malami ya kwashe darasi guda yana karanta Uwar Gulma na Mohammed Sada shi kaɗai. Shi ne Hayatu, shi ne Halima, shi ne iyayenta, har da bayanin fita da shiga yana karantawa da murya ɗaya. Yara fiye da yadda ajin zai ɗauka suna zaune, rabinsu na gyangyaɗi. Ba mu ga laifinsa ba. Haka aka koya masa, kuma takardar manhajar da ke hannunsa, wadda irinmu suka rubuta, ba ta nemi wani abu fiye da haka ba.

Abin da tarihin ƙungiyar Jos ya nuna shi ne, ba gini ne ke riƙe dandamali ba. Ƙungiyar ta yi shekaru tana wasa a harabar wasu. Abin da ya riƙe ta shi ne mutane tsayayyu, da rumbun wasanni, da lokaci sananne da jama'a ke jira. Makarantar sakandare tana da ukun nan a hannu: ɗalibai suna nan shekara uku a babban aji, littattafan manhaja su ne rumbun, ƙarshen zango kuma shi ne lokacin. Abin da ya rage shi ne manhaja ta faɗa ƙarara cewa kowane aji zai fito da aƙalla fitowa ɗaya daga littafin da yake karantawa a kowane zango, a kuma ware wa hakan maki a cikin gwajin da malami ke yi a aji. Inda iyaye ba su amince da cuɗanya ba, makarantun maza zalla da na mata zalla sun daɗe da sanin yadda ake yi: yaro ya ɗaura zane ya fito a tsohuwa, yarinya ta naɗa rawani ta fito a alƙali, kamar yadda 'yan tashe ke yi tun kaka da kakanni. Kwalejojin ilimi kuma su koya wa malamin Hausa yadda ake raba matsayi, da tsayuwa, da ɗaga murya. A Filato dai ba a rasa masu koyar da wannan ba.

Akwai batun irin Hausar da za a yi wasan da ita, kuma a nan mu masu nazarin harshe ne muka fi kowa taurin kai. Mai jin Hausa a matsayin harshe na biyu a Jos yakan ce "karfi" a maimakon "ƙarfi", ya ce "yarinya ya zo", ya sa kalmar Ingilishi a inda Bakano zai sa ta Larabci. A takardar insha'i, jan biro ne hukuncin wannan, kuma daidai ne, domin daidaitacciyar Hausa muke koyarwa. A dandamali kuwa, wannan ita ce muryar mutumin. Samanja bai yi farin jini da Hausar Kano ba, da Hausar bariki ya yi. Idan ɗalibi Birom ya fito a dillalin tumatir ya yi magana yadda ake yi a Farin Gada, ɗalibi Bahaushe kuma ya fito a direba ya amsa masa da tasa, malami ya sami darasin karin harshe wanda ya fi na allo, kuma yaron da a da yake jin kunyar buɗe baki a ajin Hausa ya sami abin da ya fi kowa iyawa.

Rumbun ma yana buƙatar ƙari. Fassarar wasannin waje ba baƙuwa ba ce a wurinmu: Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Daren Sha Biyu, Ɗahiru Idris ya ba mu Matsolon Attajiri, duka daga Shakespeare, Ahmed Sabir kuma ya ba mu Mutanen Kogo daga Taufiƙ al-Hakim na Masar. Jerin wasannin da aka gwada a Jos, aka ga yadda 'yan kallon Nijeriya suka karɓe su, wuri ne mai kyau da mai fassara zai fara dubawa. Mu dai da Jitney za mu fara, a mayar da tashar ta koma ta 'yan kabu-kabu a bakin kasuwa, sannan Queen Amina of Zazzau. Wilson ya rasu a 2005, Ogunyemi a 2001, don haka sai an nemi izinin masu haƙƙin mallaka kafin a taɓa ko ɗaya, kuma hakan kan ɗauki lokaci. Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma kuwa suna cikin kabad ɗin makarantu da dama tun tuni, kuma fitowa ɗaya daga cikinsu ba ta buƙatar abin da ya wuce tabarma, da buta, da darasi biyu a jere.